Ramar da Na Nema da Ƙafata

Asabar, 6 ga Agusta 1994, da hantsi

Yau na kai tsamiyar hanyar Ceberu na dawo ban zauna a hanya ba. Na fara rubuta wannan ne don kada sauran labarin ya danne shi.

Ina shigowa na tarar da Yaya Inno tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce an aiko daga Dangoma ta ƙasar Kalgo, gidan surukai. Cikin yarinyar can ya shiga wata bakwai. Kowa ya san abin da ya kamata ya biyo baya: cikin fari gidan iyaye ake kawo shi, a haihu a nan, a yi wankan jego a nan har arba'in. Tun kafin ruwa ya sauka na gyara ɗakin, itace kuwa na jibge shi a rumfa.

“Sun ce a dakanta tukuna,” in ji Yaya. “Wai ba ki da lahiya.”

Na ce wa ya gaya musu. Ta ce in duba madubi.

Yarinyar can ita ce 'yar fari a wurina, ita ce kuma ta ƙarshe, bayan na daɗe ina jira har mutane sun gaji da yi mini addu'a. Ba na kiran sunanta, kamar yadda uwarmu ba ta taɓa kiran na Yaya Inno ba har ta koma ga Allah. A hannun Yaya ta tashi a cikin gidan nan. Ita take kira Inna, ni kuwa Malama take ce mini kamar sauran yaran da na koyar a firamare. To da wane baki zan aika a kawo mini ita? Uwar 'yar fari ba ta tambaya, sai dai ta share ɗaki ta yi shiru.

Lahadi, 7 ga Agusta, bayan asuba

Na duba. Babu komai. Na fita tafiyata.

Talata, 9 ga Agusta, bayan azahar

Bari in rubuta abin da likitar Sakkwato ta ce ranar da aka sallame ni, tunda a gidan nan kowa ya manta sai ni. Ta ce aikin ya yi kyau, sun ɗauke abin gaba ɗaya tare da ɗakin da yake ciki, ɗakin da yarinyar can ta zauna wata tara. Sannan ta kama dantsena ta girgiza shi, ba kunya, ta ce, “Malama Delu, wannan kitsen ba abokinki ba ne. Irin ciwon nan yana son mai jiki. Idan ɗinki ya warke ki riƙa tafiya kullum, ki rage maiƙo da zaƙi. Kuma ki riƙa dubawa, in kin ga jini ko ɗigo ki dawo mana.”

Na ji haushinta ranar. Ni da ake kwatance da ni a Gwandu, in an ce mace ta samu hutu a ce kamar matar Malam Bawa. Amma gaskiyar magana, shekarun nan a zaune nake sallah. A bikin yarinyar can ma a kan kujera na yi la'asar, mata suna kallo suna cewa hutu ne. Gwiwoyina ne suka ƙi ɗaukata.

Yanzu a tsaye nake yi, in yi ruku'u, in kai goshi ƙasa, in miƙe ba dafa bango. Babu wanda ya ce mini sannu a kan wannan. Sannun duk a kan wuyana take, wai ya yi tsawo.

Alhamis, 11 ga Agusta, da yamma

Masu dubiya ba su gaji ba har yanzu. Yau fura da nono an zabga sukari, ga tuwon shinkafa man shanu yana iyo a kan miya. Abincin dubiya ba a ƙin sa, kuma mai kawowa sai ta zauna ta ga loma ta wuce. Na ci loma uku na ce Allah ya saka. Matar ta fita tana girgiza kai, na san kafin magariba labari ya kai kasuwa cewa Malama ta daina cin abinci.

Ina cin abinci. Da rana na cinye kwanon kwaɗon tafasa da zogale tas, har na suɗe hannu. Yaya ta ce wannan cimar shekarar yunwa ce, kada in bari baƙo ya gani.

Juma'a, 12 ga Agusta, bayan an sauko daga masallaci

Malam ya dawo fuska a ɗaure. Ya zauna ya daɗe yana juya hularsa.

“Malama, mutane na hwaɗin ba ni ba ki abinci. Wasu sun ce na bar ki kina yawon ƙasa awa wadda ba ta da kowa.”

Na ce, “Kai mi kac ce musu?”

Ya ce bai ce komai ba. Shi ke nan Malam, albasarsa kawai yake wa doguwar magana. Amma da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in riƙa bin hanyar bayan gonarsa, ta fi tudu, ba laka. Na gane bai hana ba ke nan.

Litinin, 15 ga Agusta, bayan asuba

Na duba. Babu komai.

Zanen da a da da kyar bakinsa ke haɗuwa, yau har ya zagayo ya yi saura. Na tsaya ina kallonsa. Rabin zuciyata na murna, rabin yana tambaya: in fa su ne da gaskiya? In fa ba tafiyar ce take cin naman nan ba? Lokacin komawata Sakkwato ya yi, ga wahalar mai ta hana motoci motsi. Na ɗaura zanen na fita. Na wuce tsamiya har rijiyar Fulani.

Laraba, 17 ga Agusta, da hantsi

An aiko. Hajjo, uwar Ɗahiru mijin yarinyar can, za ta zo gaishe ni ranar Lahadi. A wannan wahalar motar, babu mai tasowa daga Dangoma don gaisuwa kawai. Zuwa za ta yi ta gani da idonta.

Lahadi, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na yi wauta, kuma da taimakon Yaya na yi ta.

Tun da safe ta hana ni fita. Ta ce in Hajjo ta gan ni haka kamar sillen kara, magana ta ƙare. Ta fito da zannuwa ta naɗa mini uku a ciki, ta sa mini riga a kan riga, ta lulluɓe ni da babban mayafi, ta zaunar da ni a tsakiyar gado da matasai a baya. Ta ce kada in motsa, manyan mata ba sa tashi wa baƙo. Ni da na shekara da shekaru ina hana yara satar amsa, na zauna aka yi mini cikon zane.

Ga hadari ya haɗu bai zubo ba, ɗaki kamar tanda. Kafin Hajjo ta gama gaisuwa zufa ta jiƙa ni sharkaf, numfashina yana fita sama-sama. Doguwar mace ce busasshiya, irin matan da suka tashi a bayan shanu, idonta ba ya barin komai. Ta dubi gadon, ta dubi matasan, ta dubi wuyan hannuna da ya leƙo daga mayafi, awarwaro yana lilo a kansa.

Ta ajiye ƙwaryar man shanu a gabana ta ce, “Ki ci wanga, Malama, ki mai da jiki. Allah shi ba da lahiya.”

Maganar yarinyar can ba ta taso ba, ni kuma ba ni da bakin tayar da ita. Da za ta tafi na yunƙura in raka ta, Yaya ta danne mini ƙafa. A tsakar gida na ji tana ce wa Yaya, a hankali, “Ashe abin ya kai haka. Ko tashi ba ta iyawa.”

Litinin, 22 ga Agusta, da hantsi

Ba na magana da Yaya Inno.

Laraba, 24 ga Agusta, bayan azahar

Saƙo ya zo ta hannun Malam. A Dangoma za ta haihu, wai don a rage mini wahala. Sun gode, Allah ya ƙara sauƙi.

Na shiga ɗakin da na gyara na zauna a bakin gado. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa takarda ba. An ɗauke mini wancan ɗakin a Sakkwato ban yi kuka ba, sai wannan da yake nan da tabarmarsa sabuwa.

Alhamis, 25 ga Agusta, bayan asuba

Na duba. Babu komai. Ban fita ba.

Juma'a, 26 ga Agusta, da hantsi

Yaya ce ta ajiye mini takalmana a bakin ƙofa. Idonta ya kumbura. Ita ta goyi yarinyar nan, na manta ba ni kaɗai aka hana ba.

Na fita. Gero ya fi ni tsawo yanzu, hanya sai ƙamshin ƙasa. A wajen rijiyar Fulani dabara ta zo mini. Ƙwaryar Hajjo tana nan, kuma ƙwaryar mutane ba a riƙe ta, ba a kuma mayar da ita wayam. Ba wurin yarinyar can zan je ba, wa ya ce? Ƙwarya zan mayar.

Na gaya wa Malam. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, “Ƙwarya dai?” Na ce ƙwarya dai. Ya ce to, a sa albasa a ciki, kuma Yaya ta raka ni.

Talata, 30 ga Agusta, da hantsi

Jiya muka dawo. Ƙafafuna suna zogi amma sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Ranar Lahadi muka samu wata a-kori-kura mai zuwa Birnin Kebbi, daga nan wata ta kai mu Kalgo, an cusa mu kamar buhunan gero. A tashar Kalgo aka ce babu abin da zai shiga Dangoma, babu mai ko na shafawa. Yaya ta ce mu juya. Na ɗora ƙwaryar a kai, cike da albasa da daddawa da kanwa, na tambayi hanya.

Ba kusa ba ne. Rairayi, sannan laka, sannan rairayi kuma. Na riƙa jin ɗinkin yana ja kaɗan, ina sauraronsa kamar yadda ake sauraron yaro mai rigima, bai yi komai ba. Wadda ta ba da kai ita ce Yaya. Ta zauna a gindin wata kanya ta ce ko za a yanka ta ba ta ƙara taku ɗaya. Allah ya kawo wani mai amalanken shanu ya ɗauke ta. Ya ce in hau ni ma. Na ce na gode, ƙafata ta saba.

Haka muka shiga Dangoma, Yaya a kwance a amalanke tana nishi, ni a gefe da kaya a kai. Matan unguwa da suka ji labarin uwar amaryar Ɗahiru tana bakin mutuwa suka yo kan amalanken. “Sannu, Malama. Allah shi sawwaƙe. Ku kama ta a hankali.” Yaya tana cewa ba ita ba ce, babu mai saurare. Ni kuwa wata ta ce mini, “Ke 'yar rakiya, aje kayan nan can.” Ban gyara mata ba. Rabon da in ji daɗin magana haka har na manta.

Hajjo ta fito daga ɗaki ta tsaya cak. Na sauke ƙwaryar da hannuna na ce, “Ƙwaryarki na kawo.”

Ta ce, “Daga Kalgo? Ƙasa?”

Na ce ƙasa.

Aka shimfiɗa tabarma. Wata ta kawo ruwa ta durƙusa, cikinta ya hana ta kaiwa ƙasa sosai. Ban dube ta ba, bangon na duba. Amma na ga ƙafafun, sun kumbura. Ta ce, “Malama, sannu da hanya,” muryar kamar ta wanda ya ga fatalwa. Na ce wa bangon a riƙa ɗora ƙafa a kan matashi in an zauna. Ta tashi da sauri ta shige ɗaki, na ji Yaya ta bi ta.

La'asar ta yi. Na yi alwala, ina juyowa sai ga Hajjo da kujera 'yar tsugunno a hannu, ta ajiye mini a kan tabarmar sallah. Ta tuna da ranar biki. Ba da mugunta ta yi ba, kirki ne. Na ɗauke kujerar na ajiye gefe, na tayar da kabbara a tsaye. Allah ya yafe mini, a raka'ar farko na san ana kallona kuma na ji daɗi. Daga ta biyu na manta da kowa.

Da na sallame tana nan zaune inda na bar ta. Na ce, “Hajjo, ranar da kunka ce ina da lahiya, zaune niy yi sallah gabanku. Yau da kunka ce ina mutuwa, kin gani.”

Ta ce, “An ce mani abin nan ba shi barin mutum. Ɗiyata ta hwari wurin haihuwa tat tahi, Malama. Ba ni son yarinyag ga ta haihu gidan da aka jiran zaman makoki. Kuma wa ka dahwa mata ruwa kwana arba'in?”

Ban san da wannan ba. Duk fushin da na ɗauko daga Gwandu sai ya rasa wurin zama.

Na ce, “Abin nan suna garai. Daji na, na mahaihwa. An cire shi da ita. Ban san abin da Allah ya rubuta ba, ke ma ba ki sani ba. Amma ramag ga ba shi yab ba ni ita ba, ni nin neme ta da ƙahwata, likita tac ce in yi. Ruwa kau, wadda tat taho ƙasa daga Kalgo tana iya hura wuta.”

Karo na farko ke nan da kalmar ta fita daga bakina. Ga shi na rubuta ta kuma, hannuna bai karye ba.

Hajjo ta ce, “To ranar nan mi yas same ki bisa gado?”

Na ce zanen Yaya Inno ne guda uku. Ta dube ni, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suka kama rawa. Muka yi dariya har hawaye, ban san na wace ce ya fi yawa ba.

Ba ta ba ni amsa ba. Ta ce magana ce ta maza, sai Ɗahiru da ubansa sun zauna. Ni ma ban roƙa ba, ƙwarya na kai. Muka kwana, da safe aka sa amalanke ya fito da mu. Wannan karon na hau, don kada Yaya ta ji kunya ita kaɗai.

Alhamis, 1 ga Satumba, bayan asuba

Na duba. Babu komai. Daga Dangoma ma babu komai.

Asabar, 3 ga Satumba, da yamma

Shiru. Na sake share ɗakin, ko da yake babu abin sharewa. Yaya ta ce zan cinye daɓen da tsintsiya.

Man shanun Hajjo da na juye a kwano yana nan ban taɓa ba. Na rufe shi da kyau. Mai jego tana bukatarsa, a nan ko a can.

Talata, 6 ga Satumba, bayan azahar

Malam ya dawo daga gona da wuri, abin da ba ya yi. Ya ce a ɗora tuwo da yawa gobe. Na ce na su wa? Ya ce, “Baƙi,” ya shige yana murmushi a cikin gemu. Mutumin nan zai kashe ni kafin wani ciwo ya samu dama.

Laraba, 7 ga Satumba, kafin magariba

Sun kawo ta. Hajjo da kanta ta rako, da akwati da buhun gero.

Na shige madafa na zauna ina ta gyara wutar da ba ta lalace ba, Yaya tana can tana guɗa kamar yau aka ɗaura auren. Hajjo ta leƙo ta same ni ta ce, “Ga amana nan. Ki bar ta ta yi ƙiba dai, kak ki mai da ita irinki.” Na ce sai abin da ungozoma ta ce.

Lahadi, 11 ga Satumba, da hantsi

Mai ya fara samuwa, Malam ya ce jibi za mu Sakkwato. Ina jin tsoro kaɗan. Zan je da ƙafafuna dai, ba a kwance ba.

Yau da asuba na duba, babu komai, na ɗauki takalmana. Ina buɗe ƙofar gida na ji motsi a bayana. Yarinyar can ce tsaye da mayafi, hannu a ƙugu. Ta ce wa Yaya, ba ni ba, wai ma'aikaciyar asibiti ta ce tafiya tana rage kumburin ƙafa. Yaya ta ce wa iska, to ga hanya nan.

Na wuce gaba, ta biyo. Muka bi bayan gonar Malam, raɓa tana jiƙa mana bakin zane. Mata masu zuwa rijiya suka tsaya suna kallo, wata ta ce, “Malama, jiki ya yi kyau.” Jikin nan dai da suka yi wa ta'aziyya watan jiya.

Kafin tsamiya na daina jin takunta. Na waiga kaɗan, ta tsaya tana haki, ta dafa kara. Sai na tsaya ni ma, na yi kamar ƙaya nake cirewa a takalmi, har ta iso. Shekarun baya duk inda aka je ni ake tsayawa jira. Yau ni na jira wani.

Da ta iso ta ce, ƙasa-ƙasa, “Malama, an ce mani ba ni iske ki.”

Na ce wa tsamiyar, “To ga ni an iske.”

Ta kama gefen mayafina ta riƙe, kamar yadda ba ta taɓa yi ba ko tana ƙarama. Ban janye ba. Haka muka dawo har gida, a hankali, da tafiyarta.

Bakina ba zai faɗa ba, haka aka raine mu, kuma ba ni zan canza ba. Amma na rubuta sunan ciwo a littafin nan, ba zai yiwu shi ya samu wuri ita ta rasa ba.

Zulai. Zulai tana ɗakin da na share, tana barci.